Kumfa Da Laka A Tankin Feshin Filin Golf

Duk wanda ya taɓa ganin filin wasan golf na Turai ko na Amurka, ko da a hoto ne, ya san abin da ya ke fara ɗaukar ido shi ne ciyawar nan kore shar, a shimfiɗe sumul kamar dardumar fada. Mutane da yawa suna tsammani albarkar ruwan sama ce kaɗai. Ba haka ba ne. Akwai ma'aikata da su kan fito tun da asuba, kafin masu wasa su iso, suna yanka, suna ban ruwa, suna fesa magani. Yau muna so mu shiga da masu karatu cikin tankin motar feshin nan, gama a nan ne aikin ya kan gyaru ko ya ɓaci, ba tare da kowa ya gani ba sai bayan kwanaki.

Bari mu fara da filin kansa. Wasan golf a ƙasar Sikotilan ya girma, kuma a garin St Andrews ne cikin 1764 aka mai da ramukan filinsu 18, abin da duniya duka ta bi daga baya. Faɗin bakin kowane rami inci huɗu ne da kwata. Kewaye da ramin akwai wata farfajiya wadda a kan aske ciyawarta har ta koma misalin milimita 3, domin ƙwallo ya gangara ba gargada. A ƙasarmu ma wasan ya daɗe, gama filin Rayfield na Jos tun 1913 ya ke. Amma tsofaffin filayen Arewa, irin na Kano da Zariya, da yashi aka yi farfajiyarsu a da, a cuɗa shi da mai a daddaɓe, saboda haka ba ruwansu da feshi. Filin IBB na Abuja da aka buɗe cikin 1991 shi kam ciyawa gare shi, kuma duk inda aka ce ciyawa, to, wahalar da za mu faɗa ta shigo.

Ciyawar da a ke yi wa aski irin wannan kullum ba ta da ƙarfin jiki. Cututtukan fumfuna su kan kama ta nan da nan. Wadda ta fi damun Amurkawa suna kiranta tabon dala, domin ta kan fito ɗigo-ɗigo, launin kara, kowane tabo kamar girman tsohuwar dalarsu ta azurfa. Saboda haka a lokacin zafi a kan fesa wa farfajiyoyi magani misalin kowane mako biyu, kuma ba magani ɗaya ba: na fumfuna, da taki na ruwa, da sinadarin ƙarfe mai ƙara wa ganye kore, da mai rage saurin tsiro, da mai sa ƙasa ta sha ruwa. Sau da yawa duk a tanki ɗaya a ke haɗa su.

Siffar Motar

Motar feshin ƙarama ce, mai faffaɗan taya don kada ta bar sawu. Kamfanin Toro na Amurka yana ƙera wata mai suna Multi Pro 1750, tankinta galan 175 na Amurka, watau lita 660 da 'yan kai, da kuma babbarta 5800 mai galan 300, fiye da lita 1,100. John Deere da Smithco su ma suna ƙera irinsu. A bayan motar akwai sanda mai fikafikai, tsawonta ƙafa 18 zuwa 20, da bakunan feshi 11 ko 12 a jere, inci 20 tsakanin kowane biyu. Famfo shi ke tsotso ruwan daga gindin tanki, ya bi da shi ta rariya, ya tura wani kashi zuwa bakuna, sauran kuwa ya komo cikin tanki. Wannan ruwan da ke komowa a riƙe shi da kyau, don shi ne maganin matsala ɗaya, shi ne kuma sanadin ɗayar.

Abin Da Ke Kwantawa

Ba duk abin da aka zuba a ruwa ke narkewa ba. Gishiri da sukari su kan narke, ba a sake ganinsu. Amma uwargida da ta tace gasara ta ajiye ta san da safe za ta tarar da ruwa garau a sama, ƙullu kuwa ya kwanta a gindin kwarya ya daskare, har sai an sa hannu an ɓamɓare. Magungunan ciyawa haka su ke, iri-iri. Akwai masu narkewa sarai, waɗanda da an dama sau ɗaya shi ke nan. Akwai na mai, waɗanda su kan mai da ruwa fari kamar madara, in an bar su man ya taso sama. Sa'an nan akwai masu halin gasara: na gari, da na tsaki-tsaki masu wargajewa a ruwa, da masu kauri kamar kunu waɗanda su ma gari ne aka niƙa lilis aka rataye cikin ruwa. Manyan magungunan fumfuna da yawa a wannan kashi na uku su ke. Misali kulorotalonil, wanda aka fara sayarwa a Amurka cikin 1966 da sunan Daconil. Ƙasashen Tarayyar Turai sun janye izninsa cikin 2019, aka daina aiki da shi a can cikin 2020, amma a Amurka har yanzu ana fesa shi a filayen golf.

Wani masanin lissafi na Jami'ar Kambirij, George Stokes, ya bayyana dokar kwantawar ƙwayoyi cikin ruwa tun 1851. Abin da ya gano shi ne, in ƙwaya ta ninka 'yar'uwarta girma sau biyu, saurin nutsewarta sau huɗu ne. In sau uku, sau tara. In kuwa sau goma, sau ɗari. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu yin magani ke niƙa shi ƙwarai. Shi ne kuma dalilin da ya sa haɗa magunguna biyu marasa jituwa ke da hatsari, gama da zarar ƙwayoyin sun manne wa juna sun zama gudaji, sai su zube ƙasa cikin 'yan mintoci, ko da ya ke kowannensu shi kaɗai da ya daɗe yana yawo.

To, me zai faru in maganin ya kwanta? Ɗayan biyu. Ko dai famfo, da ya ke daga gindi ya ke tsotsa, ya kwashi kaurin ya zuba wa farfajiyoyin farko, sauran su sami tsiyaya. Ko kuwa lakar ta maƙale a kusurwoyin tanki, duk filin ya sami ruwa mara ƙarfi, ita kuma ta zauna tana jiran wani feshi na dabam ta ɓalle ta shiga cikinsa. Inda magani ya yi yawa ciyawa ta kan ƙone, inda ya kasa cuta ta kan yi ta cin karenta ba babbaka, har ma ta saba da maganin. Mai kula da fili kuwa ya duba littafinsa ya ga ya auna daidai, ya rasa inda gizo ke saƙa. Farfajiyar da ta ƙone ta kan ɗauki makonni kafin ta farfaɗo, 'yan kulob kuwa da su ka biya kuɗi mai yawa ba su da haƙuri, kuma ba tankin za su tuhuma ba.

Maburgin Tanki

Hanya biyu a ke motsa ruwan tanki. Ta da ita ce a sa sandar ƙarfe mai filafilai a kwance kusa da gindi, inji yana juya ta, kamar dai maburgi cikin tukunyar miya. Tana da ƙarfi, amma wurin da sandar ta huda tanki ya kan yi yoyo. Motocin filin golf na yanzu galibinsu da ruwan kansa su ke damawa. A kan ɗebi wani kashi na abin da famfo ya turo, a bi da shi ta wani bututu a gindin tanki mai ƙananan bakuna, ya fita da ƙarfi yana sharar ƙasa. Waɗansu bakunan an ƙera su da maƙogwaro, yadda ruwan da ke fita zai jawo na kewaye da shi su tafi tare, har abin da ke motsi ya ninka abin da famfo ya bayar sau biyu ko uku.

Ga lissafi ga malaman makaranta, wanda ya isa a ba 'yan babban aji. Ƙa'idar da masana aikin feshi su ka saba bayarwa ita ce, a kowane minti a juya kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na cikin tanki. Tanki mai lita 1,000 ke nan yana bukatar lita 50 zuwa 100 a minti domin damu kaɗai. A ƙaddara ana so a fesa lita 400 a kowace hekta, motar tana tafiyar kilomita 5 a awa, bakuna 12 rabin mita tsakaninsu. Faɗin feshi mita 6 ne, a awa guda an rufe hekta 3, watau lita 1,200 a awa, lita 20 a minti. In kuwa takardar magani ta ce lita 800 a hekta, kamar yadda a kan yi wa cututtukan da ke gindin ciyawa, sai ya zama lita 40 a minti. Famfo mai ba da lita 120 yana da rarar 100 a aikin farko, 80 a na biyu. Amma a bar shi ya tsufa ya koma bayar da 70, sai a ga abin mamaki: bakunan feshi suna nan suna aiki lafiya lau, agogon matsi bai nuna kome ba, alhali rarar da ta saura wa damu lita 30 ce kurum. Motocin zamani masu kwamfuta ma sun fi ɓoye wannan aibi, domin in direba ya ƙara gudu, injin ya kan ƙara wa bakuna ruwa da kansa, kuma a waɗansu motocin daga rabon damu ya ke ɗiba.

Masu tsara ƙa'idodin duniya na ISO suna da gwaji mai tsanani a kan wannan. A kan cika tanki da ruwa mai kashi ɗaya cikin ɗari na garin maganin tagulla, a bar shi ya kwanta awa 16, sa'an nan a kunna damu minti 10, a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa a auna. Ba a so ƙarfin maganin ya kauce fiye da kashi 15 cikin ɗari. Mai lambu ba shi da ɗakin gwaji, amma yana da ido. Ya cika tanki rabi da ruwa zalla, ya kunna, ya leƙa ta murfi. In fuskar ruwan tana birgima ko'ina, lafiya. In wani ɓangare ya yi tsit, akwai bakin da ya toshe.

Kumfa

Wani zai ce, to, ai sai a buɗe damu har ƙarshe a huta. Nan ne fa gizo na biyu ke saƙa. Ruwa zalla ba ya riƙe kumfa, kome kaɗa shi. Fuskarsa tana da wani ƙarfi na jan kanta, shi ya sa ɗigon ruwa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza ya gangare bai jiƙa shi ba. Masu yin magani ba su son haka, don haka su kan sa masa sinadari dangin sabulu, mai karya wannan ƙarfi, domin garin ya jiƙu, ɗigon kuma ya baje a kan ganye. Filin golf ya fi gona shan wannan sinadari, domin farfajiyoyin a kan yashi a ke gina su, yashin kuma ya kan kai wani hali da zai ƙi shan ruwa, sai an fesa masa maganin jiƙa ƙasa, wanda shi kusan duk jikinsa dangin sabulu ne. Maganin kashe ciyawa na gilifoset shi ma ya shahara da kumfa.

Sabulu kaɗai ba ya kumfa sai iska ta shiga. Ƙofofin iskar kuwa sanannu ne. Ta farko lokacin cika tanki, sa'ad da ruwa ke faɗowa daga sama a kan maganin da aka riga aka zuba. Ta biyu bututun komowa, in bakinsa yana bisa fuskar ruwa. Ta uku ƙarshen aiki, sa'ad da ruwa ya ragu har bakunan damu su ka fito fili suna watsa ruwa cikin iska. Ta huɗu ita ce mai wuyar ganewa, watau 'yar kafa a mesar tsotso, ko robar murfin rariya da ta tsage. Wannan ba ta ɗigar da ruwa, don a wajen tsotso ta ke, iska ta ke sha. Alamarta allurar agogo ta riƙa rawa, mesa tana karkarwa, kumfa kuma tana tasowa ko da abin da ke cikin tanki ba mai kumfa ba ne.

A ganinmu kumfa ta fi laka yaudara, gama tana cika ido. A ƙaddara an auna magani na lita 1,000, wanda zai rufe hekta biyu da rabi. Ana cikin zuba ruwa kumfa ta kawo baki, ma'aikaci ya ce ya cika, ya kashe famfo, alhali ruwan lita 900 ne. Maganin ya ƙara ƙarfi da kashi 11 cikin ɗari, kuma zai ƙare a hekta biyu da kwata, a bar farfajiyoyin ƙarshe ba kome. In kuwa ya ce sai ya kai alamar, kumfa ta tumbatsa ta malalo ta jikin tanki. Kada a raina ta don ba ta da nauyi; magani ne tsantsa ke jikinta, ta zuba a hannun ma'aikaci da takalminsa, ta bi lambatu ta shiga tafkin filin, inda kifi ke ciki, kuma daga nan a ke ɗiban ruwan ban ciyawa. Kulorotalonil da mu ka ambata guba ne ƙwarai ga kifi. Saboda irin wannan ne ƙa'idar ISO ta ce a ƙera tanki ya fi abin da aka rubuta a jikinsa girma da aƙalla kashi 5 cikin ɗari. Idan kuma kumfar ta kai ga famfo, matsi ya faɗi, bakuna su yi ta tofi, a sami zane-zane a ciyawa.

Maganinta yana da arha. Mata sun san in tukunyar wake ta taso da kumfa, ɗigon man gyaɗa ya kan kwantar da ita. Masu feshi da man silikon su ke aiki, wanda binciken Frederic Kipping na Nottingham a Ingila ya share wa hanya, kamfanin Dow Corning da aka kafa cikin 1943 kuma ya fara yinsa da yawa. Man ba ya haɗuwa da ruwa, sai ya baje a kan fatar kumfa ya sirantar da ita har ta fashe. 'Yan cokula kaɗan sun isa tanki guda, bisa ga abin da takardarsa ta faɗa. Amma lokacin zubawa shi ne magana. In an sa shi tun farko, kafin magungunan, ya kan hana kumfar tashi. In an bari ta taso, sai an ƙara yawansa, kuma an jira. Waɗansu su kan zuba kananzir ko man gas don su kashe kumfa. Ta kan mutu kam, amma ciyawar da aka aske zuwa milimita 3 ba ta jure wannan.

Wa Ke Fara Shiga

Tsarin zubawa shi ne rabin aikin. A fara cika tanki da ruwa zuwa rabi ko fiye, a kunna damu, kada kuma a kashe shi sai an gama feshi. A sa maganin kumfa. In akwai magani mai zuwa cikin 'yar jaka mai narkewa, shi ke fara shiga, a bar jakar ta narke sarai. Sa'an nan na gari da na tsaki. Garin a fara dama shi a bokiti, kamar yadda a ke dama ƙullu kafin a zuba a tafasasshen ruwa. Tsakin kuwa a barbaɗa shi sannu, a ba shi minti biyar ko fiye ya wargaje, in ruwan na da sanyi a ƙara masa lokaci. Bayansu masu kaurin kunu, a girgiza jarkar tukuna. Sai na mai, sai masu narkewa, dangin sabulu kuwa su ne na ƙarshe, bayan ruwa ya kusa kai alama. Dalilin wannan jeri a fili ya ke. In mai ya riga gari shiga, ya kan lulluɓe ƙwayoyin kafin su jiƙu, su zama wani abu kamar cuku ya toshe rariya. In sabulu ya riga ruwa, duk lita ɗari biyar ɗin da za su biyo baya kumfa za su tayar. Duk inda takardar magani ta faɗi wani tsari dabam, ita za a bi.

Wajen zuba ruwa akwai wani ɗan rikici da ya kamata mu ambata. Cusa mesa cikin ruwan tanki ya kan rage kumfa, amma in matsin famfon gari ya faɗi, mesar za ta tsotso maganin ta mai da shi cikin bututun ruwan sha ko rijiya. Don haka dokokin wurare da yawa sun tilasta a bar tazara tsakanin bakin mesa da tanki, ko a sa bawul mai hana komowa. Mafita ita ce yawancin ruwan ya riga magani shiga, ragowar kuma a sake shi a hankali ya bi ta bangon tanki.

Haɗin da ba a taɓa yi ba, kada a gwada shi a lita dubu. A sami kwalba mai faɗin baki, a zuba ruwan da za a yi aiki da shi rabin lita, a sa kowane magani gwargwadon rabonsa bisa jerin nan, a rufe a jujjuya, a ajiye minti 15 zuwa 30. In ya yi gudaji, ko ya rabu bai komo da girgiza ba, ko kwalbar ta yi ɗumi, an tsira da asarar tanki guda. Sinadarin ƙarfe da takin ruwa mai fosfet, alal misali, ba su cika zama lafiya a tukunya ɗaya ba.

Sa'ad da ruwa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa, direba ya rage bawul ɗin damu, domin ƙarfin da ya dace da cikakken tanki ya yi wa ɗan ruwa yawa. Ragewa mu ka ce, ba kashewa ba. In ruwan sama ya tare aiki, ko masu wasa su ka cika fili aka dakata, a bar injin yana juyawa. In tilas ta sa an kashe, kada a taɓa makunnin feshi sai an sake damawa minti 10 ko 15, an kuma buɗe rariya an duba. Kwana da magani a tanki ba a son sa ko kaɗan, gama ban da kwantawa, waɗansu magungunan ƙarfinsu ya kan lalace cikin ruwa mai kanwa-kanwa. Bayan an gama a ɗauraye sau uku da ruwa kaɗan-kaɗan, wanda ya fi ɗauraya guda da ruwa mai yawa, a fesa ɗaurayen a kan ciyawar da takardar maganin ta yarda, nesa da tafki.

Manomin da ke goya tankin lita 16 ko 20 a gonar wake ko ta auduga, dokar Stokes ba ta ƙyale shi ba don tankinsa ƙarami ne. Yawancin tankunan goyo ba su da maburgin kirki, tafiyar mai goyon ce ke girgiza su. In ya sauke ya zauna inuwa ya sha fura, garin maganin ya kwanta kafin ya tashi, sai ya rufe murfi gam ya jijjiga tankin sosai kafin ya sake saɓa shi a baya.